Shekarar da Na Raba Garkar Babana

Na san abin da ake faɗi a bayan idona, don ƙafa ce ta gaji, kunne yana nan da ransa. Ana cewa wai Inna ta ɗauki gadon 'ya'yanta ta miƙa wa baƙi, wai mutumin Kebbe ya yi mini daɗin baki har na manta da waɗanda na haifa. Wasunku ma, jikokina, an ba ku labarin a karkace kun haɗiye shi haka nan. To ku gyara zama in ba ku shi a miƙe tun da sauran numfashina, don in na kau babu mai tashe ni in yi gyara.

Garkar da ake wa wannan surutu ba ta kakanku Malam ba ce, mijina, Allah ya jiƙansa. Ta babana ce, ita ce rabona ranar da aka raba gadonsa, kuma tana manne da bayan gidanmu a nan Tambuwal. Da aka ba ni ita har dariya 'yan'uwana maza suka yi mini, don a lokacin nan ne ƙarshen gari, daga dangata sai gonakin gero. Da damina in shuka kuɓewa da yakuwa, da rani in ɗaure awakina. Ina nan zaune gari ya yi ta tafiya har ya wuce ni. Mu kanmu mun yi yawa. Gidan da muka fara zama ni da Malam mu biyu, kowane lungu an yanka ɗaki a cikinsa, har rumbu aka rushe aka yi wa ɗan ƙanen Malam ɗakin aure a gurbinsa. Ga ma'aikata da ake turowa, ga 'yan kasuwa, sannan ga mutanen ƙauyuka da 'yan bindiga suka fara korowa, wasu a mota wasu a babur, da tabarmi da tukwane. Ɗakin hayar da a da ake roƙon mutum ya shiga don kada gara ta cinye azara, ya koma sai da kamun ƙafa. Masu gidaje kuwa, Allah ya shirye mu, da sun hango mutum da ƙunshin kaya a ka, kuɗin ɗaki ya tashi tun bai gama sallama ba.

A wannan shekarar ne autana Nasiru yake neman aure. Gyaran babur yake yi a bakin tasha, yaro mai haƙuri, bakinsa ba ya buɗewa sai da dalili. Yarinyar da yake so sunanta Rabi, ɗiyar wani mai sayar da hatsi a unguwarmu, kuma wallahi ni ma ina sonta, don ko a hanya ta gan ni da kaya sai ta karɓa. Ubanta bai tsawwala a kan sadaki ba. Abu guda ya ce: ɗiyarsa ba za ta shiga gidan haya ba, ba za ta shiga gidan gandu a cusa ta a lungu ba, sai gida nata na kanta da katangarsa. A cikin gidanmu ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Fili kuwa, ko Nasiru ya shekara goma yana kwance ƙafar babur ba zai saya ba. Sai na ce masa ya kwantar da hankalinsa, garka tasa ce, a bari a cire amfanin gona ya fara gini. Na faɗa da bakina, ban musa ba, ba kuma zan musa ba. Tun daga ranar nakan hango shi da yamma yana zagaya garkar yana auna ta da ƙafa, in ya ga ina kallonsa ya yi kamar akuya yake dubawa.

Yanzu bari in gaya muku ko wane ne Ɗan Jumma, don wasunku sun tashi sun gan shi a bayan gida ne kawai. Mutumin wani ƙauye ne can bayan Kebbe, manomi kuma mai kiwo. Tun Malam yana da rai na ba shi shanuna kiwo, irin yadda muke yi: dabba tana hannunsa, yana shan nono yana samun taki, abin da ta haifa kuma a san yadda za a raba. Shekara da shekaru ban taɓa zuwa na ƙirga ba, shi ke zuwa da kansa bayan kaka da man shanu a ƙwarya ya ce wance ta haihu, wance ta yi ɓari. To ran nan da bazara, rana ta take, sai aka ce ana sallama da ni. Na fito na same shi tsugune a zaure, rigarsa duk ƙura, leɓensa ya bushe. Ya ƙi shan ruwan da aka kawo sai da ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Hajiya, shanunki sun tafi. An kore su tare da nawa, ko ɗan maraƙi ba a bari ba. Ban so ki jiya ga bakin wani ba, shi ya sa niz zo da kaina."

Na yi salati, na ce Allah ya mayar da alheri. Ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya sayar da su, sannan ya miƙe zai tafi. Har ya kai bakin ƙofa na tambaye shi iyali fa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce suna tasha, ƙarƙashin itacen dogon yaro, tun safe. Ƙauyen an watse, ba wanda ya kwana. Ya zagaya neman ɗaki, duk inda ya je kuɗin da ake kira ko shanun suna nan sai ya yi tunani. Ku ji fa, mutum matarsa da goyo da yara suna zube a tasha, amma ya fara zuwa ba ni labarin shanuna, kuma zai fita bai roƙe ni ko inuwa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na balbale shi da faɗa, na ce ashe haka ya ɗauke ni, ni da shanu ne kawai a tsakaninmu? Na aika aka kwaso su.

A garka na sauke su, don babu wani wuri. Aro na ba su, a gaban mai unguwa, kuma kowa a ƙasar nan ya san dokar aro: mai aron fili ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, ba ya aza bulo. Waɗannan ukun su ke cewa mutum ya zauna ke nan. Ɗakin ƙasa da jinka kuwa, ranar da mai wuri ya ce a tashi, an tashi. Ɗan Jumma ya fi ni sanin haka, shi ya fara faɗi ma kafin mai unguwa ya buɗe baki. Nasiru bai yi gardama ba, har shi ya ɗauko musu zana a babur. Ya ce mini ai baƙo raɓa ne, kafin kaka ƙauyensu ya lafa sun koma. Ni ma haka na zata. Ɗan Jumma ya samu aikin lebura a wani gidan bulo, matarsa Indo kuma ta shiga yi wa mutane surfe da wanki. Mace ce mai kunya har tana ba ni haushi, sai na yi mata tsawa take karɓar tuwo.

Ƙauye bai lafa ba. Waɗanda suka gwada komawa shuka, da gudu suka dawo. Sai ga marka ta sauka, irin ruwan da ke kwana yana wuni ba ya ɗaukewa. Ɗakin nasu da gaggawa aka yi shi, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Wata rana bayan azahar ina tankaɗe na ji rugugi a bayan gida, sai kururuwar Indo. Na fita ba ko mayafi. Bango guda ya zauna gaba ɗaya, daidai inda take kwantar da jaririyarta, kuma Allah ya sa ta ɗauke ta ke nan za ta ba ta nono. Na ga tabarmar yarinyar a ƙarƙashin ƙasa, gefenta kawai ya leƙo. A cikin taɓon na zauna.

Bayan kwana biyu Ɗan Jumma ya zo ya tsuguna nesa da ni, yana ta murza hularsa. Ya ce maigidansa na wurin aiki ya tausaya masa, zai riƙa ba shi bulo a madadin wani abu daga ladansa. Ya ce ya san doka, ya san kuma an yi wa Nasiru alkawari, don haka ba roƙo ya zo yi ba, ya zo ne in gaya masa gaskiya: in babu hali, zai kwashe iyalinsa su nemi wani wuri tun kafin wani bangon ya faɗi.

Washegari na ɗauki mayafina na ce wa Indo ta biyo ni, mu nemo musu ɗaki, in ya so ni in riƙa taimakawa da kuɗin haya. Na ɗauka da girmana da sanin mutanena ba za a rasa ba. Kayya! Mun taka garin nan har ƙafata ta kumbura. Na ga gida guda an cusa iyali a shagon da ake ajiye taki, babu taga. Na ga mata da yara a kangon da ba a rufa ba, sun ɗaura buhu a sama suna tare ruwa. Wata ƙawata da muka yi wasan 'yar tsana tare, tana da ɗaki a rufe, ta dube ni ta ce sai an biya na shekara a dunƙule, kuma ba ta son masu yara. Na ce mata Allah ya sa kabarinta ya fi ɗakin nan faɗi, na ja hannun Indo muka fito. Har yau gaisuwarmu daga nesa ce. A hanyar dawowa Indo sai gyara goyo take yi, ni kuwa na riga na san abin da zan yi, kuma na san wanda zai ji ciwonsa.

Na kira babban ɗana Bello daga Sakkwato, na zaunar da shi da Nasiru a ɗakina. Na ce zan raba garka biyu. Rabi na Ɗan Jumma, kyauta ba aro ba, ya aza bulonsa. Rabi na Nasiru. Bello ya yi ta magana, kuma ba zan ce maganar banza ya yi ba. Ya ce akwai wani alhaji da ya daɗe yana son filin, a sayar masa, a kama wa baƙin haya, a saya wa Nasiru wani a bayan gari. Na ce hayar a ina, na taka da ƙafata ban gani ba, bayan garin kuma wa zai kai amarya inda mutane ke gudowa daga can? Ya ce yau an ba mutum ɗaya, gobe danginsa duk za su sauko. Na ce in sun sauko Allah ya kawo su. Ya ce fili yanzu ya fi zinariya, na ce na sani, shi ya sa ba a samun na kwana. Nasiru yana zaune yana kallon ƙasa, sai da muka gaji ya ɗago.

"Inna, kin yi mani alkawari. Rabin wurin ga ba ya ɗaukar gida da katanga, kin kuwa san abin da baban Rabi yac ce."

Na ce na sani. Na ce masa shi aurensa ne zai rasa, su kuwa ransu ne, kuma na ga tabarmar jaririyar nan da idona. Na ce zan je wurin baban Rabi da kaina in roƙe shi. Ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Da ya yi mini rashin kunya ma da ya fi mini sauƙi.

Na je kuwa. Mutumin ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini fura, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi bai ƙi Nasiru ba, amma ciki da falo a tsakar gida ɗaya da 'yan gudun hijira, waɗanda bai san asalinsu ba, ba zai kai ɗiyarsa ba. Na ce asalinsu ni na sani, shekara nawa dukiyata tana hannunsu ko igiya ba ta ɓata ba. Ya ce ya ji, amma maganarsa tana nan. Na koma har sau biyu, na tura ƙanen Malam, duk a banza. Bayan kaka aka ɗaura wa Rabi aure da wani mai gida a Dogon Daji. Ranar da aka zo ɗaukarta ina jin guɗa daga ɗakina, na rufe ƙofa na yi kuka kamar ni aka yi wa rashin, don na san ni na jawo wa ɗana. Wannan shi ne kuɗin da aka biya, kuma Nasiru ne ya biya, ba Bello ba, ba ni ba. Duk mai ba da labarin nan ya tsallake wannan, bai ba da shi daidai ba.

Nasiru ya daina cin tuwona. Ya koma kwana a shagonsu na bakin tasha. Kullum da safe zai zo ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce Inna ina kwana, in amsa, ya juya. Bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa shigowa ba. In na aika masa da abinci, kwanon ya dawo yadda ya tafi. Bayan gida kuwa ko kallo bai ƙara yi ba. Ɗan Jumma ya gama ɗakunansa biyu ya rufa kwano, amma in ya hango Nasiru a hanya sai ya sake lungu. Indo ta zo ta same ni tana hawaye, wai su sun raba ni da ɗana, gara su tashi. Na ce in ta ƙara faɗin haka sai na ci mutuncinta, wa ya tambaye ta?

Da sanyi ya fara ja baya, Ɗan Jumma ya zo mini da wata magana. Ya ce shi ba shi da abin da zai biya Nasiru, amma su a ƙauye in mutum zai yi ɗaki ba a biyan magini, gayya ake kira, kowa ya zo da hannunsa, mai ɗaki ya ba da abinci. Mutanen ƙauyensu da na maƙwabta suna nan warwatse a gari, rabinsu leburorin gini ne, akwai magina a cikinsu. In na samo siminti da yashi, su za su buga bulon, su za su gina. Ni rabon da in ga gayya a cikin Tambuwal tun ina amarya, nan komai sai da kuɗi, ko jinka za a ɗaga. Na sayar da awakina da 'yan kunnen da na adana, Bello ma da ya ji, duk da faɗan da muka yi, ya turo nasa ba tare da ya ce komai ba. Suka riƙa zuwa bayan sun tashi aiki suna buga bulo, Indo da matansu suna jan ruwa suna ba bulon. Nasiru ya san ana yi, gari guda ya sani, amma bai tanka ba.

Ranar gayyar tun da hantsi garka ta cika. Maza sun fi ƙarfin in ƙirga, wasu ban taɓa ganin fuskarsu ba, da cebur da kwanon sarki da igiya. Mata sun ɗora manyan tukwane a tsakar gidana, ana dama fura, ana ta ba'a, wata tsohuwa tana yi wa kowa kirari. Na yi zaton in na leƙa zan ga gini ya tashi. Da na leƙa sai na ga an share wuri, an kawo bulo an jera, an kafa turaku, amma mutane suna zaune a rana. Na tambayi Ɗan Jumma lafiya? Ya ce su a wurinsu ba a fara ɗaki sai mai shi ya tsaya ya nuna inda ƙofarsa za ta duba. Na ce ni ce uwarsa, ni na ba da filin, in nuna mana. Ya ce in yi haƙuri, ba ni zan kwana a ciki ba. Na ce to yaron nan ba zai zo ba, za su wuni a rana a banza, ga shi kowa ya bar aikin da zai ci da shi yau. Ya ce za su jira.

Suka jira kuwa. Rana ta take, fura ta fara tsami, babu wanda ya tashi. Can Ɗan Jumma ya karkaɗe rigarsa, shi da ya yi watanni yana sake lungu, ya nufi tasha a ƙasa. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba har yau, na tambayi kowannensu ya ce ba komai. Bayan azahar dai sai ga su a babur, Nasiru yana tuƙi, Ɗan Jumma a baya.

Ya sauka da baƙin mai a hannunsa, ya tsaya yana kallon mutanen nan da suka miƙe tsaye saboda shi. Wani dattijo ya miƙa masa kara. Wurin fuska biyu gare shi. In ya ja ƙofa ta gabas, ta buɗe a kan titi, ya ba baƙin baya, ba ruwansa da su har abada, kuma babu mai ganin laifinsa. In ya ja ta yamma, ta buɗe a tsakar gida ɗaya da Ɗan Jumma, kusa da ƙofar bayan ɗakina. Ina tsaye a bakin danga, na ƙudura ko ina ya ja ba zan ce komai ba. Ya taka zuwa gabas ya tsaya jim. Sannan ya dawo ya duƙa ya ja layi a yamma.

"Ku sa ta nan," in ji shi. "Inna ta tsufa. In ta yi kira, a ji ta gida biyu."

Aka ɗauki kabbara, magina suka faɗa wa aiki. Shi kuwa ya ajiye karan, ya zo ya wuce ta gabana ya shiga tsakar gidana, ya zauna a bakin murhu inda yake zama tun yana yaro. Bai dube ni ba. Ya ce wa Indo, wadda ke riƙe da ludayi, ko akwai sauran tuwon Inna.

Ni na zuba masa da hannuna. Ya cinye, ya miƙo kwanon a ƙara.